Asli Ko Tijari

Ranar da abin ya fara, Nuf tana zaune a baya kusa da 'yarta Kausar, tafin hannunta a kan cikin yarinyar. Sun taso daga unguwar Shisha, gidan Ummanta, za su koma Hindawiyya. Mijinta Yusha'u ne ke tuƙi. Motar a-kori-kura ce mai ƙofa huɗu, irin wadda kowa a Makka ke kira wanit, tana janye da 'yar tirela mai ɗauke da tankin ruwa da injin feshi. Aikinsa ke nan a watan Zulƙida, wanke makewayai da dandamalin Muzdalifa kafin alhazai su zo su kwana. Da safe yakan sauke ta da yarinyar a Shisha, domin ƙafafun Umma sun kumbura, ba ta iya tsayuwar girki. Da yamma ya biyo ya ɗauke su.

Suna gangarawa cikin nafag, hanyar nan da aka huda ta cikin dutse, motar ta taka wani ɗan tudu inda kwalta ta haɗu da kankare. Bayanta ya yi ƙasa, ya yi sama, ya sake yin ƙasa, ya ƙi tsayawa. Nuf ta ji ragowar ruwan tankin ya bugi gefe, ɗum. Tirelar ta fizge su hagu, ta dawo da su dama, kamar akwai wani a baya da ya kama wutsiyar motar yana gwada ƙarfinsa.

Kausar ta ƙyalƙyale da dariya a cikin kujerarta. "Abba, doki! Doki!"

Yusha'u ya kafe ido a kan hanya. Nuf ta ga jijiyoyin bayan hannunsa sun tashi a kan sitiyari. Sai da suka fito cikin haske motar ta daidaita, sannan ya saki numfashi ya ce, "Hanyar ce ba kyau."

"Kullum ita muke bi, Abban Kausar."

Da suka isa gida ba ta shiga ba. Ta miƙa masa yarinyar, ta tattare abayarta ta tsuguna gefen tayar baya. Ga wani ƙarfe mai kama da gwangwani dogo, jikinsa duk baƙin mai da ƙura sun daskare.

"Shakazoba ce," in ji shi daga sama, yana waige-waige kada maƙwabta su ga matarsa a ƙarƙashin mota. "Ta gaji. Bayan Hajji zan canza, yanzu aiki ya yi yawa. Tashi don Allah."

"Bayan Hajji tirelar tana ajiye. Yanzu ne kake jan ta, yanzu ne 'yata ke ciki."

Ya san halinta. Ita ce ta dage aka sayi kujerar yara mai ɗamara, alhali duk dangi a cinya suke riƙe 'ya'yansu, har matan 'yan'uwanta suna kiran Kausar matuƙiyar jirgi. Bai ƙara musu ba. Ya ce gobe.

Yusha'u ɗan ƙanwar mahaifinta ne, daga Kano ya zo da takardar aiki. Larabcinsa na littafi ne, na makarantar Islamiyya, mai tsabta ƙwarai, irin wanda in ya yi a kasuwa masu shago kan tsaya su dube shi kamar liman ya sauko daga mumbari sayen tumatir. Ita kuwa a Makka aka haife ta, aka haifi Ummanta. Hausarta ta cikin gida ce, Larabcinta na titi. A aurensu ba abin da suke taka-tsantsan da shi kamar wannan.

Washegari da safe, da ya kai su Shisha, ya hau gaishe da Umma. Tana kan tabarma ta miƙe ƙafa, ƙanen Nuf, Abdulilah, wanda ke jan tasi, yana shan shayi a gefe. Yusha'u ya riga ya tambayo sunan shakazoba da Larabci a wurin aiki, sai ya so ya gwada.

"Umma, a sa mana albarka. Yau in na tashi zan je neman musa'idat."

Umma ta dafe ƙirji. "Subhanallahi! Musa'idat kuma? Yusha'u, me kuka rasa? Ke Nuf, mijinki zai je layin masu karɓar taimako ba ki gaya mini ba? Ai da kunya, muna raye!"

Abdulilah ya fesar da shayin bakinsa. "Ya Ummi, ba na jam'iyyar agaji ba! Na mota! Musa'idat na mota, ƙafafun da ke hana ta tsalle." Ya share hawaye. "Wallahi Ustaz, ka faɗe ta kamar a huɗubar Juma'a. Bari in na ƙare zirga-zirgata in raka ka, kada a sayar maka da raƙumi."

Kowa ya yi dariya, har Yusha'u. Amma Nuf ta ga dariyar ba ta wuce leɓensa ba.

"Ka sha shayinka, Abdulilah," ya ce. "Na san hanya."

Ta biyo shi har bakin matakala. "Ka bari ya raka ka. Ya ce na jan kaya daban ne, masu tauri, kuma biyun baya tare ake canzawa."

"Na ji. Masu tauri, biyu tare. Ko kin ga sai an rubuta mini a allo?"

Da yamma ya zo da fara'a. Motar ta ɗago bayanta kamar an yi mata sabon ƙugu. A kujerar baya, kusa da ta Kausar, ga kwalin da sababbin suka zo a ciki, mai ɗauke da hoton zaki da rubutun da ba ta san na wace ƙasa ba ne. Suna kan hanya yake ba ta labari.

"Mai shagon ya ce da ni, asli walla tijari, wato asli ko tijari? Na ce masa, bawan Allah, dubi motata. Asli ai su ne na asali, irin waɗanda ta zo da su, ga shi sun mutu. Ni motata ta tijara ce, kaya take ja, kasuwanci take yi. Ba ni tijari. Har ya yi murmushi ya ce tayyib, wato madalla. Kuma ya yi mini sauƙi."

Nuf ta juya. Ta dubi kwalin, ta dubi Kausar da ke tsotsar babban yatsa.

"Abban Kausar, tijari ka ce?"

"Tijari."

"A nan in an ce tijari, ba na 'yan kasuwa ake nufi ba. Jabu ake nufi. Na kwaikwayo, wanda aka yi don a sayar kawai. Ka tuna cajar wayar da ta narke mana a bango? Tijari ce. Wuƙar injin markaɗen Umma da ta ɓalle a cikin tumatir, tijari ce. Asli shi ne mai kyan."

Suka wuce fitilar hanya ɗaya.

"Tijara," ya ce a hankali, "kalma ce da na sani tun ban kai tsawon sitiyarin nan ba. Ciniki take nufi. Ba ta taɓa nufin ƙarya ba."

"A littafi haka ne."

"To a ina kuma ake Larabci in ba a littafi ba? A bakin Abdulilah?"

"A bakin mai shagon da ya sayar maka."

"Ki ji motar mana. Kin ji tana tsalle?"

Ba ta tsalle. Gaskiya ne. Sun shiga nafag, sun taka ɗan tudun, bayan motar ya yi ƙasa ya dawo ya tsaya cak. Yusha'u ya dube ta ta madubi.

Kwanaki suka yi ta wucewa motar lafiya lau. Garin ya fara cika, motocin alhazai dogaye sun fara toshe hanyoyi, aikin Muzdalifa ya ninka. Yusha'u kan cika tanki ya juye ya sake cikawa, yana bin hanyoyin da ba kwalta a bayan makewayai. Nuf har ta fara zargin kanta. Wataƙila tijarin mota ba kamar tijarin caja ba ne. Wataƙila ta ɓata wa mijinta rai a banza, ga shi yanzu ko Larabci ya daina yi a gabanta.

Duk da haka ta ɗauki wata al'ada. Kowace safiya, yana ciki yana neman mabuɗi, sai ta riga shi fita kamar za ta ɗaure Kausar. Ta yago farar takardar goge hannu, ta zura hannu bayan taya, ta shafi jikin ƙarfen. Ta duba. Ƙura kawai. Ta dunƙule ta jefa a jaka.

Wata safiyar Laraba takardar ta fito da ɗigo mai ruwan zuma. Ta shinshina. Ta zagaya ɗaya gefen, nan ma haka, har ya fi. A ranar, a hanyar dawowa, ta ji bayan motar ya yi lilo sau biyu kafin ya tsaya. Kausar ta ɗago kai tana jiran dokinta.

Ta nuna masa takardar bayan sallar magariba.

"Sabon ƙarfe yakan yi gumi," ya ce. "Bakaniken ma ya faɗa."

"Ya faɗa, ko za ka tambaye shi?"

"Nuf, saura ƙiris a rufe Muzdalifa. In na kai motar gareji yini guda, Alhaji Mukhtaru mai kwangilar zai ba wani aikin. Ki yi haƙuri mu fita daga Hajjin nan."

Ta ninke takardar ta ajiye. Ta san in ta ƙara magana, ba maganar ƙarfe za su yi ba, maganar wa ya fi wani Larabci za su yi.

Ranar Alhamis da safe, da suka isa Shisha, ta kwance kujerar Kausar daga motar ta rungumo ta.

"Ina za ki da ita?"

"Rigar kujerar ta yi datti, zan wanke a wajen Umma."

Ta wanke ɗin kuwa, don kada ta zama maƙaryaciya. Ta shanya a taga, zafin Makka ya busar da ita kafin azahar. Sannan ta kira Abdulilah ta ce ya zo bayan la'asar, kada ya ɗauki kowa. Ta gaya masa komai.

"Tijari? A motar da ke jan tanki?" Wannan karon bai yi dariya ba. "Ya ukhti, kuma in tankin rabi ne ya fi muni. Cikakke ba ya motsi. Rabi kuwa ruwan ke tuƙa motar."

Yusha'u ya iso ya tarar da tasin a ƙofar gini, kujerar Kausar a ɗaure a bayanta, yarinyar a ciki tana cin biskit. Ya fito a hankali ya rufe ƙofa. Fuskarsa duk farar ƙurar Muzdalifa.

"Mene ne wannan?"

"Za mu bi Abdulilah yau."

"A ƙofar gidan surukata za ki yi mini haka? Ga mutane a baranda suna kallo."

"Su kalla. Abban Kausar, ban raina ka ba, wallahi ban raina ka ba. Ni in ka ce in shiga motar nan zan shiga. Amma ita ba za ta shiga ba."

"'Yata ce."

"Shi ya sa."

Ya dubi Abdulilah, wanda ya maƙale a sitiyari yana kallon gabansa kamar bai san su ba. Nuf ta matsa ta bugi tankin da tafin hannu. Ya amsa da ƙarar rabi, ruwan ya yi wani juyi a ciki.

"To ko ruwan nan ka zubar kafin ka hau hanya. Ga magudana nan."

"In zubar da ruwa a titin Makka, a watan Hajji, don matata ta ji tsoro?" Ya buɗe ƙofarsa. "Ku je. Mu haɗu a gida, in Allah ya kai ni da jabun ƙarfena."

Ya ja motar da ɗan ƙarfi fiye da yadda ya saba. Nuf ta shiga bayan tasi kusa da Kausar.

"Bi shi," ta ce. "Kada ka wuce shi, kada ka matse shi. Ka tsaya a bayansa, kar wata mota ta shiga tsakani."

Ba ta taɓa ganin tirelar daga baya ba. Kullum tana ciki, jin abin take yi a ƙugunta. Yanzu ga shi a gabanta. Duk inda hanya ta ɗan yi rami, bayan wanit ɗin sai ya durƙusa, tirelar ta yi masa sujada, su ɗago tare su sake durƙusawa. Daga ƙarƙashin tayar dama wani abu yana ɗiga, yana barin ɗige-ɗige a kwalta.

"Kira shi," in ji Abdulilah.

"In ya saki hannu ɗaya ya ɗauki waya fa?"

Ta ajiye wayar a cinya. Bakin nafag ya taso musu, baƙi, da manyan fankokinsa suna ruri a sama. Wata doguwar motar alhazai ta zo ta hagu ta wuce Yusha'u, iskarta ta bugi tankin. A daidai nan ya taka ɗan tudun.

Tirelar ta kaɗa hagu. Ta dawo dama, ta fi nisa. Ta koma hagu, taya ɗaya ta bar ƙasa. Abdulilah ya kunna fitilun haɗari ya karkata tasin ya tare layi biyu, motocin baya suka ɗauki oda. Nuf ba ta san lokacin da ta rufe idon Kausar da tafin hannunta ba. Ita ba ta rufe nata ba. Ta ga jar fitilar birki ta kama, ta ji Abdulilah yana ihu da Larabci kada ya taka, kada ya taka. Tankin ya tura bayan motar gefe, wanit ɗin ta juya rabi, gefenta na dama ya haɗu da bangon dutse. Ƙarar ta cika nafag ɗin, motar ta yi ta jan jiki tana tartsatsi, sannan ta tsaya.

Murfin tankin ya ɓalle. Ruwa ya kwararo yana bin gangara, ya zo ya wuce ta ƙarƙashin tasin.

"Zauna da ita," Nuf ta ce da ƙanenta, ta fita a guje, ruwan yana jiƙa mata gefen abaya.

Ƙofar direba ta buɗe kafin ta isa. Yusha'u ya sauko da ƙafafunsa, yana dafe da kafaɗa, leɓensa ya fashe kaɗan. Ta kama hannun rigarsa, a gaban duk masu oda da masu leƙe, ba ta damu ba.

"Lafiyata ƙalau," ya ce. "Lafiyata ƙalau." Sai ya juya ya leƙa baya.

Ƙofar baya ta dama ta lotsa ciki har ta hau kan kujera. Gilashinta ya zube gaba ɗaya. A daidai wurin da kujerar Kausar ta bar shaidar zamanta a jikin soson, garin gilashi ya taru kamar an auna gishiri, ga rabin biskit na jiya a ciki.

Ya daɗe yana kallo. Nuf ta ƙara riƙe shi. Daga tasi muryar yarinyar ta taso, ba kuka take ba, tambaya take, "Abba ya faɗi? Doki ya faɗi?"

Ya taka zuwa tasin, ya tsuguna a bakin taga, ya zura hannu ya taɓa ɗamarar da ke ƙirjinta, ya ja ta kaɗan kamar mai gwada ƙarfinta. Can daga bakin nafag jiniyar 'yan sandan hanya ta fara matsowa.

"Abdulilah," ya ce, bai ɗago ba. "In an gyara ƙofar, ka raka ni shagon."

"Tayyib, Yaya."

"Kai za ka yi magana." Ya goge jinin leɓensa da bayan hannu. "A'a. Ni zan yi. Ke Nuf, yaya zan ce masa?"

"Ka ce asli. Na jan kaya, biyu tare. In ya yi murmushi, ka fito."

Ya maimaita a hankali, yadda ake faɗa a titi, ba yadda ake karantawa ba. Ita kuwa ta zagaya ta shiga kusa da 'yarta, ta mayar da tafin hannunta kan cikin yarinyar. A jakarta akwai sauran farar takarda, kuma ta riga ta yanke cewa kujerar nan a tasin Abdulilah za ta zauna, sai ranar da ta shafa da kanta, safiya bayan safiya, ta ga takardar ta fito fara.